Shika-shikan Musulunci: abin da ke wuyan kowane baligi, da bayanin zakkar da kaka ke zuwa da ita

Da zarar an fara ɗaurin hatsi a gonaki, tambayoyin da masu saurare ke aiko mana ta waya da WhatsApp kan koma kusan iri ɗaya. Wani ya ce dami nawa zai fidda. Wani ya ce akwai bashin taki bisa kansa, shin zakka ta hau shi? Wata baiwar Allah kuma ta ce maigidanta limamin gari yake kai wa duk shekara, ko hakan ya isar? Amsar da aka bayar a iska takan bi iska, shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye bayanin a rubuce, mu faro shi tun daga tushe, don zakka ɗaya ce cikin ginshiƙai biyar kuma ba a gane ta sosai sai an san ginin da take ciki.

Bayanin namu bisa mazhabar Imamu Malik yake, wadda aka fi bi a Nijar da maƙwabtanta, kuma ita ce ke cikin littattafan da ake biyawa a zaure: Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala. Inda wata mazhaba ta saɓa kuma abin ya shafe mu, za mu faɗa. Mai wata matsala ta musamman kuwa, sai ya zauna gaban malami ya warware masa ita dalla-dalla.

Wa aka ɗora wa nauyin?

Wanda shari'a ke magana da shi ana kiran shi mukallafi, wato baligi mai hankali, namiji ko mace. Ana gane balaga da mafarki, ko haila, ko ɗaukar ciki, ko tsirowar gashin mara. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to a Malikiyya cikar shekara 18 ita ce iyaka. Yaro ana umurtar shi da salla tun yana ɗan shekara 7 don ya saba, amma alƙalami bai hau kansa ba tukuna.

Duk abin da mukallafi zai aikata ba ya wuce hukunci biyar: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi, haramun. Wajibin ma iri biyu ne. Akwai wanda ke kan kowa da kansa, kamar salloli biyar, ba mai ɗauke wa wani. Akwai wanda in wasu sun yi ya faɗi daga kan saura, kamar wankan mamaci da sallar jana'iza. In kuwa duk gari suka bari, duk gari sun yi laifi. Rashin rarrabe waɗannan shi ke sa ka ga mutum ya ci bashi don ragon layya, wadda sunna ce ga mai hali, alhali zakkar da ke farilla tana nan kwance cikin rumbunsa bai taɓa ba.

Sanin waɗannan hukunce-hukunce shi kansa farilla ne. Ahalari, wanda malamin ƙasar Aljeriya Abdurrahman al-Akhdari ya rubuta a ƙarni na 16, da wannan batun ya buɗe: gyaran imani tukuna, sannan sanin abin da ibada ke inganta da shi. Kuma mata na ciki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a shekarar 1754, ya yi kakkausar magana cikin littafinsa Nurul Albabi kan malaman da ke tara almajirai a waje suna karantarwa, sun bar matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci a gida. Shekaru sama da 200 ke nan, amma maganar kamar jiya aka yi ta.

Abin da zuciya ke ƙudurtawa

Akwai hadisi sananne da Sayyidina Umar ya ruwaito, yana cikin Sahihu Muslim, inda Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum ya zauna gaban Annabi (SAW) yana tambayar sa game da Musulunci da imani da ihsani, sahabbai na saurare. Daga nan malamai suka ɗauko tsarin da kowane ɗan makarantar allo ya haddace: shika-shikan imani shida, na Musulunci biyar.

Na imani su ne yarda da Allah, da mala'ikunsa, da littattafansa, da manzanninsa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Imani da Allah shi ne uwa. Shi kaɗai ne mahalicci mai azurtawa, ba ya da abokin tarayya, bai yi kama da komi ba, kuma shi kaɗai ake bauta wa. A nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya: yanka ga iskoki, zuwa wurin boka ya duba abin da ke ɓoye, ɗaura laya da imanin ita da kanta ke tsarewa, duk waɗannan suna taɓa wannan ginshiƙi ne kai tsaye, ko da mai yin su ba ya fashin sahun farko a masallaci.

Mala'iku bayin Allah ne da aka halitta daga haske, ba sa saɓo. Cikinsu akwai Jibrilu mai kawo wahayi, da Mika'ilu, da Israfilu mai busa ƙaho, da masu rubuta ayyukanmu. Littattafan da aka ambata da suna su ne Attaura ta Annabi Musa, Zabura ta Annabi Dawuda, Linjila ta Annabi Isa, da takardun Annabi Ibrahim da na Musa, sai Alƙur'ani mai surori 114, izu 60, wanda ya sauka a hankali cikin kimanin shekara 23. Annabawan da Alƙur'ani ya kira sunansu 25 ne, na ƙarshensu Muhammadu (SAW), kuma Musulmi ba ya ƙaryata ko ɗaya. Ranar lahira ta haɗa tambayar kabari, tashi, hisabi, awon ayyuka, siraɗi, aljanna da wuta.

Ƙaddara ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ma'anarta Allah ya san komi, ya rubuta shi, kuma ba abin da ke faruwa sai da nufinsa. Ba ta hana riƙon sababi. Sayyidina Umar na kan hanyar Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke can, ya shawarci sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, kuma ai ba wanda zai ce Umar bai san ƙaddara ba. Saboda haka wanda ya bar yaro na zafin jiki kwana uku bai kai shi likita ba, ya ce sai abin da Allah ya yi, to ya bar abin da aka umurce shi ne. Manomi ma sai ya yi shuka ya yi noma sannan ya zuba wa sama ido.

Shahada da salla

Ƙofar shiga ita ce kalmar shahada: mutum ya shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu manzonsa ne, ya faɗa da baki, ya yarda a zuci. Sauran huɗun duk a kanta suke tsaye.

Salla an farlanta ta a daren Isra'i da Mi'iraji, tun a Makka kafin hijira. Biyar ce a wuni da dare, raka'a 17: Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Lisha 4. Sharaɗinta tsarki, rufe al'aura, fuskantar alƙibla da shigar lokaci. Farillan alwala a Malikiyya bakwai ne: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa har gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu har idon sawu, cuccuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. Wanda ya rasa ruwa, ko ruwan zai cutar da shi, sai ya yi taimama da ƙasa mai tsarki. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi zaune, wanda ya kasa zama ya yi kwance. Muddin hankali na nan, salla ba ta faɗuwa, sai ga mace mai haila ko jinin biƙi, ita kuma ba ta rama ta.

Matafiyi na da sauƙi. In tafiyar ta kai wajen kilomita 80, sai ya mai da masu raka'a huɗu su koma biyu. Mai barin Maradi zuwa Damagaram ko Yamai zai yi kasaru, mai zuwa Tibiri ko Madarunfa ba zai yi ba. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu inda ya sauka, sai ya cika. Mantuwa kuma ana gyara ta da sujada biyu: ƙabli in an rage sunna mai ƙarfi, ba'adi in an yi ƙari. Juma'a wajibi ce kan namiji baligi mazaunin gari mai lafiya.

Azumi da hajji, a taƙaice

Azumin watan Ramadan an farlanta shi shekara ta 2 bayan hijira. Kwana 29 ne ko 30, gwargwadon ganin wata, kuma a nan ƙasar Majalisar Musulunci ta Nijar ce ke tattara shaidar gani a ba da sanarwa. Marar lafiya da matafiyi suna iya sha su rama. Mai ciki da ta ji tsoro ga kanta ko ga cikin ta sha ta rama. Mai shayarwa ta rama kuma ta ciyar da mudun Annabi ɗaya kan kowace rana. Tsohon da ba ya iyawa kwata-kwata ba ramuwa a kansa, an so ya ciyar. Wanda ya ci da mantuwa, Malikiyya sun ce ya kame bakinsa sauran wunin, ya rama ranar, ba laifi a kansa. Wanda ya karya da gangan ba uzuri, ramuwa da kaffara: ciyar da miskinai 60, ko azumin wata biyu a jere.

Hajji sau ɗaya ne a rayuwa, ga mai iko na jiki da na guzuri. Rukunansa huɗu: harama, tsayuwar Arfa, ɗawafin ifada, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Annabi (SAW) kansa sau ɗaya ya yi shi bayan hijira, a shekara ta 10. Hukumar COHO ce ke kula da tsarin tafiyar alhazan Nijar. Wanda bai samu iko ba har ya koma ga Allah, ba a bin shi komi. Mu dai a ganinmu, sayar da gonar da iyali ke ci daga gare ta don a kira mutum Alhaji abu ne da ya kamata a tambayi malami kafin a tambayi dillali.

Zakka

To, ga inda muka nufa. Salla ana ganin mai yin ta, azumi gari duka ke yi tare, hajji har rakiya ake yi. Zakka kuwa tsakanin mutum ne da rumbunsa da Ubangijinsa, shi ya sa ta fi sauƙin zamewa. Alƙur'ani ya haɗa ta da salla a wurare da yawa, kuma bayan rasuwar Annabi (SAW) Sayyidina Abubakar ya yaƙi ƙabilun da suka ce za su yi salla amma ba za su ba da zakka ba. Haƙƙin talaka ce da ke cikin dukiyar mai hali. Mai fidda ta bai yi wa kowa alfarma ba, bashi ya biya.

Mu fara da amfanin gona. Nisabi, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke hawa, shi ne wusiƙi 5, daidai da sa'i 300, ko mudun Annabi 1200, na tsabar da aka sussuke aka sheƙe. Malaman zamani da dama sun kai shi wajen kilo 650. In muka ɗauki tiya a kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 a tiya 40, to abin ya kama tiya 260, ko buhu shida da rabi. Wanda ya samu haka ko fiye, cikin abin da ruwan sama ya shayar, zai fidda kashi ɗaya cikin goma. Asalin al'adarmu ta dami ɗaya cikin goma ke nan, kuma tana da kyau, da sharaɗin damman su zama kai ɗaya. Kar a ware ƙanana ko waɗanda zuzzuɗa ta ci a ce su ne na Allah. Tunda dami ya bambanta daga gari zuwa gari, hanya mai sauƙi ita ce a sussuke matsakaici guda a ga tiya nawa ya bayar, sai a yi lissafi da shi. Abin da aka shayar da wahala, da guga ko injin ban-ruwa mai shan esansi, kamar alkamar rani, rabin haka ake fiddawa, ɗaya cikin ashirin.

Zakkar gona ba ta jiran shekara, ranar girbi ake bin ta. Akwai kuma abubuwa uku da mutane ke yawan tuntuɓe a kansu. Na farko, a Malikiyya gero jinsi ne daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a haɗa su don a cika nisabi. Mai buhu huɗu na hatsi da huɗu na dawa, farilla ba ta hau shi ba, sai dai ya yi sadaka don neman lada. Wake kuwa ana haɗa shi da danginsa. Amma gonakin mutum ɗaya ana haɗa su: buhu huɗu na hatsi a gonar gabas, uku a ta yamma, bakwai ke nan, zakka ta wajaba. Na biyu, bashi ba ya kayar da zakkar gona ko ta bisashe, kuma ba a cire kuɗin taki ko na ƴan ƙwadago kafin a auna. Wannan na da nauyi ga manomin da ya ci bashi tun bazara, mun sani, amma haka hukuncin yake a mazhabar. Na uku, damman da aka biya masu girbi da su, da waɗanda aka yi kyauta da su bayan hatsi ya nuna, duk ana sa su cikin lissafi.

Riɗi na cikin abin da ake fidda wa zakka. Albasa, tumatir, tattasai, kabewa, rake da mangwaro kuwa, Malikiyya ba su ɗora musu zakkar gona ba. Kuɗin da aka samu in an sayar, su ne za a duba in sun kai nisabi kuma sun shekara. Imamu Abu Hanifa shi ya ga a fidda daga kusan duk abin da ƙasa ta tsirar. Mai garkar albasa a Galmi ko mai tattasai a Diffa da ke loda manyan motoci, in ya ɗauki wannan fatawar don ya fita daga shakka, ba mu ga wanda zai zarge shi ba.

Bisashe su ma da nasu lissafin, kuma su sai sun shekara. Tumaki da awaki ana haɗa su: daga 40 zuwa 120 a ba da guda, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 uku, daga 400 kuma kowane ɗari guda. Shanu in sun kai 30 a ba da maraƙi mai shekara biyu, in sun kai 40 a ba da saniya mai shekara uku. Raƙuma 5 tunkiya ko akuya guda, 10 biyu, haka har 25, inda za a fara ba da ƴar taguwa. Malikiyya ba su bambanta na kiwo a daji da na turke ba, har shanun huɗa da na amalanke ana ƙirga su. Ƴaƴan da aka haifa cikin shekara suna bin shekarar iyayensu. Jakuna da dawaki ba zakka a kansu, sai in na fatauci ne. Wanda ya ba makiyayi amanar shanunsa suka yi arewa, zakkar na wuyansa shi mai su.

Sai kuɗi. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wajen giram 85. Na azurfa dirhami 200, wajen giram 595. Kuɗin sefa ana auna su da ƙimar waɗannan, kuma da yake farashi na hawa da sauka, kowace shekara sai a tambayi malamai nawa nisabin ya kama. In kuɗi sun kai kuma sun shekara a hannu, ana fidda ɗaya cikin arba'in: kowace jikka 40 a ba da jikka guda, miliyan 4 a ba da jikka 100. A nan bashi na tasiri, ana cire shi in mutum ba ya da wata kadara da za ta biya. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, kamar mai shago, zai zaɓi wata guda a shekara ya yi wa hajarsa kuɗi, ya haɗa da na aljihu da bashin da yake sa ran a biya shi, ya fidda. Mai saye ya ajiye yana jiran tsada, shi sai ranar da ya sayar zai fidda ta shekara guda. Zinariyar da mace ke ado da ita ba zakka a kanta. Dukiyar maraya kuwa ana fidda mata, waliyyinsa ke yi.

Wa ake ba? Aya ta 60 cikin suratu Tauba ta ƙayyade kashi takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatan tattara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu ga Musulunci, ƴanta bayi, waɗanda bashi ya danne, ɗaukaka tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Mutum ba ya ba wanda ciyar da shi ke wuyansa, wato iyayensa matalauta, matarsa da ƙananan ƴaƴansa. Amma ɗan'uwa, ƙanwa, gwaggo ko kawu mabuƙaci ya fi bare cancanta. Mafi yawan malamai ba su yarda a sa ta cikin ginin masallaci ba. Kuma an fi son a raba ta inda aka same ta, kar a ɗauke ta zuwa nesa sai in can sun fi buƙata.

Batun liman da malamin makaranta, amsar a fili take. In mabuƙaci ne, ya cancanta, sau da yawa ma shi ya fi cancanta don karantarwa ta hana shi neman na kansa. In mawadaci ne, limanci ba ya cikin kashi takwas ɗin, sai dai in an ba shi ne a matsayin wakili ya raba wa masu ita. Haka abin yake ga maigari, da surukin da ake jin nauyi, da mai bin ka bashin da kake son ka toshe wa baki. Ana kai dami goma gidan da rumbu uku ke cike, ga gwauruwa da marayu bayan danga suna jiƙa dussa, wannan ba sai an buɗe Risala ba kafin a gane akwai gyara. Niyya kuma dole ce lokacin fiddawa: abin da ka bayar kyauta a watan jiya ba ka dawowa yau ka ce shi ne zakkar.

Akwai wata zakkar daban da ake rikita ta da wannan, ita ce ta fidda-kai, wadda wasu ke kira zakkar kono. Ita ba ruwanta da nisabi. Tana kan duk wanda ke da abin da ya fi cimakar ranar salla, ya fidda wa kansa da duk wanda yake ciyarwa, har jaririn da aka haifa kafin faɗuwar ranar ƙarshe ta azumi. Sa'i ɗaya ne kowane kai, mudun Annabi huɗu, abin da bai yi nisa da tiya guda cikakkiya ba, daga abincin da garin ya fi ci: hatsi, dawa, masara ko shinkafa. Ana ba da ita da safe kafin a tafi idi, kuma ya halatta a gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya makara har aka sauko, ba ta faɗi daga kansa ba, sai ya fidda ta ko bayan salla ne.